Yadda za ka buga rigar da ke faɗin ra'ayinka, da hannunka, ba tare da ka kashe kuɗi mai yawa ba

Duk kakar zaɓe akan cika gari da riguna masu hoton ɗan takara. A jibgo su a bayan mota, a raba wa matasa a bakin filin taro, bayan wata biyu ka gan su jikin masu wankin mota ko an mai da su tsumman goge babur. Rigar ba ta faɗin komai game da wanda ya sa ta, illa dai yana wurin lokacin da aka yi rabo. Kayan aro ba ya rufe katara. Rigar da za mu yi magana a kanta daban ce: kai ka zaɓi maganar, kai ka yanka haruffan, kuma in an tare ka a hanya an tambaye ka, kana da amsa.

Magana da sutura ba baƙon abu ba ne a siyasar Arewa. Farin kaya da jar hula na Malam Aminu Kano sun zama alama tun yana raye, kuma daga nan 'yan Kwankwasiyya suka ce sun ɗauko jar hularsu, wadda yau ko ba a rubuta komai ba kowa ya san inda mai ita ya dosa. Bayan sace 'yan matan Chibok 276 a watan Afrilun 2014, jan kaya ne ya zama shaidar masu zaman neman a dawo da su a Abuja. Abin da ya rage shi ne mutum ɗaya, ko ƙungiyar unguwa mai mutum goma, su iya yin nasu ba tare da jiran wani mai kuɗi ba.

Fara da maganar, kafin ka sayi komai

A nan yawancin riguna ke mutuwa, tun ba a taɓa fenti ba. Mai karanta rigarka yana kan babur ne, ko yana tsallaka titi, ko yana bayanka a layin banki. Daƙiƙa biyu ko uku gare shi. Don haka kalma uku zuwa biyar sun isa, kuma buƙata ɗaya tak. In unguwarku ba ruwa, ba wuta, makarantar firamare ba rufi, to riguna uku ke nan, ba ɗaya ba.

Maganar da ta fi kama mutane ita ce wadda ta ambaci wuri da abu. "A kawo gyara" ba ta taɓa kowa, domin har wanda ya ɓata abin zai iya sa ta ya yi murmushi a hoto. Amma "A gyara asibitin garinmu", ko "Shekara 4 ba taransifoma", ko "Malamanmu na bin albashi", kowanne yana nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa. In za ka sa lamba, ka tabbatar da ita tukuna. Shekara uku da rabi ba shekara huɗu ba ce, kuma wanda ba ya son maganarka da wannan rabin zai kama ka.

Ka rubuta jimla biyar ko shida a takarda, ka nuna wa mutum uku da ba su san abin da kake nufi ba: dattijo ɗaya, mace ɗaya, yaro ɗan sakandare ɗaya. Kada ka yi musu bayani, ka ce su faɗi abin da suka fahimta. Mai neman a kawo famfo da ya rubuta "Ina ruwanmu?" zai gane a nan cewa rabin masu karatu za su ɗauka cewa yake ba abin da ya dame shi. Gara a gano a takarda da a gano bayan an buga riga ashirin.

Habaici da karin magana suna aiki sosai a riga, sun ma fi zagi tasiri, domin mai karatu ne ke ƙarasa maganar a zuciyarsa. Ni dai shawarata ita ce ka bar sunan mutum da hotonsa. Ka ambaci kujera ko aikin da ba a yi ba. Kansila zai tafi, wani ya zo, rijiyar burtsatsen tana nan a lalace, rigarka kuma ba ta tsufa ba.

Abu ɗaya da bai kamata a yi sakaci da shi ba: kada ka rubuta aya, ko sunan Allah, ko na Manzo (SAW) a jikin riga. Riga tana shiga banɗaki, tana haɗuwa da kayan datti a bahon wanki, ƙarshenta tsumma. In kana son ajami don dattawa da almajirai su karanta, yi ajaminka na Hausa zalla, sai dai ka sani wasu za su hango shi daga nesa su ɗauka Larabci ne, saboda haka ka haɗa da boko a ƙasa.

Rigar da za ta karɓi fenti

Ba sai sabuwa ba. Tishat marar rubutu ta gwanjo ta wadatar, kuma a Kano Ƙofar Wambai cike take da su, a Kaduna akwai Kasuwar Barci, kowane gari yana da layin 'yan gwanjonsa. Ka nemi ta auduga. Yadi mai santsi irin na rigar 'yan ƙwallo fenti ba ya zama a kansa da kyau, kuma ba ya jure zafin guga. In ba tambari a wuya, ka zaro zare ɗaya daga cikin lafin ƙasa ka kusantar da shi ga ashana: auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri.

Ka wanke rigar ka shanya ka goge kafin aiki, ko sabuwa ce. Sabon yadi yana da sitati da ke hana fenti shiga zare, na gwanjo kuma yana da maganin da ake fesa wa dila.

Game da launi, baƙi a kan fari ko ruwan ɗorawa shi ya fi sauƙi ga mai koyo. Fari a kan baƙar riga yana da kyau a ido amma yana son shafi biyu ko uku kafin ya fito. Ka kuma lura da launin jam'iyyu da na ƙungiyoyin garinku. In maganarka ta ruwan sha ce, ka kuma buga ta da launin wata jam'iyya, to ka ba mutane dalilin cewa turo ka aka yi.

Sauran kayan: fentin yadi, wanda ake samu wurin masu sayar da kayan buga riguna da kayan zane, tsohon fim ɗin hoton ƙirji na asibiti ko kwali mai ƙwari, sabuwar reza ko wuƙar yankan takarda, guntun soson katifa, salatif na takarda, alli, tef ɗin tela, faranti, da kwali babba da zai shiga cikin rigar. Kada a ruɗe ka da ragowar fentin ɗaki. Na ruwa yana tsattsagewa ya zube a wanki na biyu, na mai kuma yana sandarar da yadin, ya bar da'irar maiƙo kewaye da kowane harafi.

Yanka sitansil

Sitansil shi ne farantin da aka huda haruffa a jikinsa, fenti ya bi ta hudar ya sauka a riga. Masu rubutun allon shago da lambar mota sun daɗe suna amfani da fim ɗin hoton ƙirji saboda ba ya jiƙa, yana wankuwa, kuma reza tana bin sa sumul. Kwali ma yana yi, amma bayan riga huɗu ko biyar bakin haruffan zai fara laushi.

Je shagon kwamfuta a buga maka maganar da manyan haruffa masu kauri, marasa ƙawa. Tsayin harafi ya kai inci 2 zuwa 3, faɗin rubutun duka kada ya wuce inci 11 ko 12 a rigar babba, in ba haka ba farkon magana da ƙarshenta za su shige hammata. Kalma biyu a layi, layi biyu ko uku. Ka duba da idonka cewa ƙ da ɗ da ɓ sun fito da lanƙwasarsu, domin kwamfutoci da yawa suna mai da su akwati ko su canza musu siffa. In abin ya ƙi, a buga k da d da b, kai ka zana lanƙwasar da biro.

Manna takardar a kan fim ɗin da salatif ta kusurwa huɗu, ka ɗora a kan gilashi ko katako mai santsi. Yanzu ga wurin da ake yin kuskure. Haruffa irin A, B, D, O, R da Ɗ suna da ciki. In ka zagaye O da reza gaba ɗaya, cikinta zai faɗo, abin da za ka samu a riga baƙin ƙwallo ne. Saboda haka kafin ka fara yanka, ɗauki biro ka ja 'yar gada mai faɗin ƙwayar ashana biyu wadda ta haɗa cikin harafin da wajensa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Waɗannan gadojin ba a yanka su. Bayan an buga za su bar siririn layi marar fenti, wanda za ka iya cikewa da ɗan buroshi ko ka bar shi, don shi ma yana da nasa kyau.

Ka fara yanka ƙananan wurare kafin manya, tun fim ɗin yana da ƙarfinsa. A wurin lanƙwasa, juya fim ɗin za ka yi, hannunka yana wuri ɗaya. Da ka ji reza ta fara ja maimakon yanka, canza ta. In gada ta tsinke, ɗan salatif gaba da baya ya gyara ta.

Bugawa

Zura kwali cikin rigar ya raba gaba da baya, in ba haka ba rubutun zai fito a gadon bayanka a juye. Miƙar da yadin ya kwanta ba tare da ka ja shi ya buɗe ba. Nemo tsakiya ta hanyar ninka rigar biyu ka ja layi da alli. Layin farko na rubutu ya fara kamar inci 3 ƙasa da wuya. Masu koyo sukan sauke shi ƙasa sosai, sai maganar ta koma kan tumbi, inda ba mai karantawa.

Ɗaure sitansil da salatif ta ko'ina. Zuba fenti cokali ɗaya a faranti. Dangwala soso, sannan ka daddanna shi a gefen farantin har ya zama kamar ba komai a jikinsa. Wannan shi ne sirrin aikin gaba ɗaya: soso mai ɗan fenti kaɗan, a dangwala daga sama zuwa ƙasa, tsaye. Ba a gogawa, ba a ja gefe. Da ka goga, fenti ya shige ƙarƙashin fim, bakin haruffa ya yi gashi. Ɗaya hannun kuma yana danne da fim ɗin kusa da inda kake aiki.

Shafin farko zai fito dishi-dishi, har ka ji kamar ka ƙara fenti da yawa. Kada ka ƙara. Jira minti goma ka sake bi. Da rani ko lokacin hunturu fenti yana bushewa a faranti kafin ka gama, don haka ka riƙa zuba kaɗan-kaɗan, ka kuma yi aikin a inuwa inda iska ba ta kwaso ƙura. Ɗaga sitansil tun fentin bai gama bushewa ba, ka ɗaga shi sama kai tsaye. Goge bayansa kafin ka ɗora a riga ta gaba. Kuma riga ta farko kada ta zama wadda kake ji da ita, fara da tsohon zani ko buhun fulawa na yadi.

Bar rigar ta kwana ta wuni. Sannan ka shimfiɗa farin ƙyalle a kan rubutun ka goge da dutsen guga mai zafi, ba ruwa ba tururi, minti uku zuwa biyar kana yawo da shi. Zafin nan ne ke kama fentin da zare. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ga maganarsa ta bi ruwan wanki. Dutsen gawayi yana yi, sai dai ka gwada zafinsa a gefen ƙyalle tukuna. Wajen wanki a juya rigar ciki waje, kada a sa buroshi a kan rubutun, kada a kai wa mai bugu.

In ba kuɗin fenti

Ruwan bilic na wanki, irin Hypo ko Jik, yana cire launi daga baƙar riga ta auduga ya bar rubutu ja-ja ko ruwan ƙasa. Haɗa shi da ruwa rabi da rabi, ka dangwala da soso ta cikin sitansil, ko ka rubuta da hannu da tsinke mai auduga a baki. Cikin 'yan mintuna za ka ga launin yana juyawa. Da ya kai yadda kake so, cire kwalin ka dulmuya rigar cikin ruwa mai yawa, ka ɗauraye sau uku, ka wanke da sabulu. In ka bar shi ya daɗe zai cinye zaren, wata ɗaya haruffan su zama huda. A yi wannan a tsakar gida, da safar hannu ko leda, nesa da yara, kuma kada a haɗa bilic da wani maganin wanke banɗaki, hayaƙin da ke tashi yana illa ga huhu. A kan yadin roba ba ya aiki ko kaɗan.

In rigunan sun kai talatin

Soso zai gajiyar da ku. A nan sai a koma sikirin, wato yadin da aka ɗaure a firam, fenti ya bi ta ramukansa ya sauka a riga. Kafinta ya haɗa muku firam na katako kamar inci 14 da 16. A ja yadi mai shara-shara, irin na labulen taga ko oganza, a ɗaure shi a jikin firam da ƙananan ƙusoshi har ya yi tauri, in ka ƙwanƙwasa da yatsa ka ji yana amsawa. Ɗora shi a kan takardar rubutun ka bi haruffan da fensir. Sannan ka shafe duk inda ba harafi ba da fentin mai, shafi biyu, ka bar shi ya bushe sarai. Ɗaga shi ga rana, duk inda haske ya ɓullo a wajen harafi ka toshe. Amfanin wannan hanya shi ne ba ruwanka da gada, cikin O yana zaune a kan yadin.

Wajen bugawa mutum biyu ake so. Ɗaya ya danne firam a kan riga, ɗaya ya zuba fenti a layi a saman rubutun ya ja shi ƙasa da tsohon katin banki ko guntun roba mai miƙaƙƙen baki, a ɗan karkace, ja ɗaya ko biyu da ƙarfi. A ɗaga, a kawo ta gaba. Kada a tsaya hira a tsakani, domin fenti in ya bushe a cikin ramukan yadin sikirin ya tashi aiki. Ana gamawa a wanke shi da ruwa nan take.

Wanda ba ya sa tishat

Magidanci mai kaftani da matar da ke fita da hijabi ba a bar su a baya ba. A buga maganar a kan guntun farin yadi mai faɗin tafin hannu biyu, tela ya lafe bakinsa, a maƙala da fil a ƙirji, ko a bayan hijabi, ko a jikin jaka. An tashi daga taro a cire a sa aljihu. Yawancin hijabai yadinsu na roba ne, don haka wannan ya fi bugawa a jikinsu kai tsaye. Jakar yadi ta cefane ma wuri ne mai kyau, tana shiga kasuwa kullum. Masu ɗinkin hula kuma suna iya saƙa kalma ɗaya a jikin hula, sai dai aikin hannu ne mai cin makonni, ya fi dacewa da maganar da za ta daɗe.

Doka, da abin da ke faruwa a titi

Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki, sashe na 40 ya ba da na taro da ƙungiya. Wannan a rubuce yake. Amma baki shi ke yanka wuya, kuma ɓata suna laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. In ka rubuta cewa wane ɓarawo ne, ka shirya kawo hujja gaban alƙali. Maganar da ke tunzura wata ƙabila ko addini a kan wani kuwa ba ta da wurin zama a riga ko a baki.

Ka nisanci duk yadi mai kama da kakin soja, an hana farar hula sa shi, kuma sojoji ba sa wasa da wannan. Ka nisanci tutar wata ƙasa. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, jami'an tsaro sun kama teloli a Kano bisa zargin ɗinka tutar Rasha, kuma a farkon Nuwamban shekarar aka gurfanar da yara ƙanana a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban kotu, kafin daga baya a janye tuhumar. Darasi biyu ke nan a aikace: wanda ya ɗinka ko ya buga shi ma ana iya bin sa, don haka kada ka kai wa tela ko mai shagon kwamfuta aiki ka ɓoye masa abin da za a yi da shi, kuma kada ka sa wa yaro rigar da bai san ma'anarta ba ka tura shi titi.

Ranar zaɓe a bar rigar a gida. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana sa ko nuna wata alama, hoto ko sanarwa da ta shafi zaɓen a rumfar zaɓe ko cikin tazarar mita 300 daga gare ta. A Nijar da Kamaru da Chadi dokokin taro da na magana sun sha bamban da na Najeriya, kuma suna canzawa da yanayin mulki, sai mutum ya tambayi lauya ko 'yan ƙungiyar farar hula na garinsu kafin ya fita.

Sannan ka zaɓi inda za ka sa ta. Taron masu ruwa da tsaki a sakatariyar ƙaramar hukuma, ranar da ɗan majalisa ya zo mazaɓa, taron iyaye da malamai, filin ƙwallon unguwa, nan ne riga ke aiki. Mutum goma sha biyu da suka zauna a layi ɗaya da magana ɗaya a ƙirji, ba hayaniya, sun fi wahalar kawar da kai fiye da mutum ɗaya mai ihu. Ku sanar da mai unguwa tun kafin ranar, ya ji daga bakinku. Ku tanadi takarda mai shafi ɗaya da ta yi bayanin buƙatar, da ranar da abin ya lalace, da ofishin da kuka riga kuka kai kuka, domin wanda riga ta tsayar zai tambaya. In za a ɗauki hoto a sa a Facebook ko WhatsApp, a tambayi kowa tukuna. Wanda yake aikin gwamnati ko yake tsoron abin da zai biyo baya, a ɗauke shi daga wuya zuwa ƙasa, rubutun ya fito, fuskar ta tsira.